Sauya Salansar Babur: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk wanda ya daɗe da babur, wata rana sai zuciyarsa ta raya masa ya cire salansar da kamfani ya ɗaura ya sa wata. Wani ƙara yake so, wani nauyinta ne ya dame shi, wani kuma tasa ce tsatsa ta cinye, ba yadda zai yi. Ga tambayoyin da suka fi yawan zuwa a kan wannan aiki, da abin da na sani a kansu bayan na kwance na ɗaura ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Idan na sauya salansa, babur ɗina zai ƙara gudu?

Ita ce tambayar farko a bakin kowa, kuma amsarta ba ta yi wa mutane daɗi. Idan tukunyar baya kawai ka sauya, ƙarin ƙarfin kaɗan ne, doki ɗaya ko biyu a babban babur, wani lokaci ma babu ko ɗaya. A ƙaramin babur mai 125cc, wanda duk ƙarfinsa bai wuce doki goma zuwa sha biyar ba, da wuya ka ga bambanci a agogon gudu. Kunne ne ke yaudarar mutum. Da ya murɗa totur ya ji ruri a bayansa, sai ya rantse babur ya zama wani abu dabam, alhali in aka hau da shi kan dayino, injin da ake auna ƙarfi da shi, layin da ke nuna ƙarfin bai motsa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Abubuwa uku ne za ka samu babu shakka: sauti, raguwar nauyi, da kyan gani. Ƙarfi na gaske sai an sauya bututun gaba ɗaya, an kuma gyara yadda mai ke shiga injin.

Mene ne bambancin silif-on da cikakkiyar salansa?

Silif-on ita ce tukunyar ƙarshe kaɗai. Ka kwance maɗauri, ka zare tsohuwar, ka zura sabuwa a bakin bututun da ke nan tun asali. Aikin bai fi na awa ɗaya ba ga wanda hannunsa ya saba da sufana. Cikakkiya kuwa tana farawa ne tun daga bakin injin, inda hayaƙi ke fitowa daga silinda, har zuwa wutsiya. Ita ce ke rage nauyi sosai, ita ce ke iya ƙara ƙarfi, kuma ita ce ke jawo duk sauran ɗawainiyar da za mu yi magana a kai a ƙasa.

Kafin ka saya, leƙa ƙarƙashin babur ɗinka. Yawancin ƙananan babura salansarsu a haɗe take, an yi mata walda tun daga wuya har tukunya, babu wata mahaɗa da za a kwance. Irin wannan ba ta karɓar silif-on sai an yanke ta da zarto, kuma in ka yanke, ka yanke ke nan.

Wane ƙarfe ya fi?

Baƙin ƙarfe ya fi sauƙin samu, ya kuma fi saurin tsatsa. Sitenles, musamman mai lamba 304, shi ne zaɓin yawancin mutane, don yana jure ruwa da zafi kuma kowane mai walda da ya san aikinsa zai iya gyara shi. Taitaniyom ya fi su rashin nauyi: inda ƙarfe ke auna kusan giram 7.9 a kowane murabba'in santimita mai kaurin santimita ɗaya, shi 4.5 ne kacal, wato ya ɗan haura rabi. Matsalarsa tsada, sannan in ya tsage ba kowa ke iya waldarsa ba. Kabon faiba kuma a jikin tukunya kawai ake sa shi, ba a bututun gaba ba. Ba ya ƙona ƙafa kamar ƙarfe, amma yana tsoron zafin da ya wuce kima, kuma da audugar da ke cikinsa ta ƙare sai ya fara dafuwa daga ciki.

Ni dai in babur na hawan yau da gobe ne, sitenles nake ba da shawara. Kilo ɗaya da taitaniyom zai rage maka, a filin tsere ne yake da ma'ana.

An ce injin yana buƙatar hayaƙi ya riƙa tokare shi ta baya, shi ya sa buɗaɗɗen bututu ke kashe ƙarfi. Gaskiya ne?

Abin da suka gani gaskiya ne, bayanin ne ba daidai ba. Babu injin da ke son a toshe masa hanya. Abin da yake so shi ne hayaƙin ya fita da gudu.

Duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, hayaƙin yana fita ne kamar harsashi, ya bar wani gurbi mai zuƙa a bayansa. Akwai ɗan lokaci, ƙiftawar ido ma ta yi tsawo, da bawul ɗin shiga da na fita duk suke buɗe a tare. Idan wannan zuƙa ta iso bakin silinda a daidai wannan lokacin, sai ta tsotse sauran hayaƙin da ya rage, ta kuma janyo sabon mai da iska zuwa ciki. Tsawon bututu da faɗinsa su ke yanke a wane juyin injin hakan zai faru. Ka ɗauki tiyo na ruwa: in ka matse bakinsa da yatsa ruwan ya yi tsalle nesa, in ka sake sai ya zuba a gindinka. Haka hayaƙi yake a bututun da ya yi masa faɗi, sai ya yi sanyin jiki, zuƙar ta mutu. Shi ya sa mutum zai ɗaura ƙaton bututu, babur ya riƙa kuka kamar zai tsaga ƙasa, amma wajen tashi daga tsaye ya zama rago.

Masu ƙera salansa sun daɗe suna wasa da wannan lissafi. Hideo Yoshimura, wanda ya kafa kamfanin Yoshimura a Japan a 1954, ya yi suna a farkon shekarun 1970 da haɗa bututu huɗu su zube cikin ɗaya a baburan tsere masu silinda huɗu, yadda fitar hayaƙin wannan silinda ke taimaka wa na gaba da ita. Yamaha kuma a ƙarshen shekarun 1980 ta fito da EXUP, wata 'yar ƙofa a cikin bututu da ke rufewa kaɗan idan injin yana juyi a hankali, ta buɗe idan juyin ya ƙaru.

A injin tu-sitirok kuwa, wato wanda ke ƙona mai a kowane juyi ɗaya, maganar ta fi haka tsanani. Wannan kumburarren cikin da kake gani a bututunsa ba ado ba ne, rabin injin ne. Shi ke mayar da man da ya tsere ta ƙofar hayaƙi cikin silinda kafin fistin ya rufe ta. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas shi ya ƙware da wannan a shekarun 1950, har direbansa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma a 1961 ya koma Suzuki, kuma a shekarar da ta biyo baya ya ci musu kambun duniya na ajin 50cc. Saboda haka kada ka yanke bututun tu-sitirok ka jona masa wani da ka tsinta. Ba zai yafe maka ba.

Dole ne in taɓa kabureta ko kwamfutar babur bayan na sauya?

Ya danganta da yawan abin da ka sauya. Fetur yana ƙonewa tsaf idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi, amma injin ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka, wajen 13 da ɗaya. Kamfanoni sukan saita baburansu da ɗan ƙarancin mai tun daga masana'anta saboda dokokin hayaƙi. To in ka zo ka buɗe wa hayaƙi hanya, iska ta ƙara wucewa, man kuma yana nan yadda yake, sai ƙarancin ya ƙaru. Injin da ke ƙarancin mai zafi yake yi, kuma zafin nan in ya daɗe yana cin bawul, yana iya taɓa kan fistin.

Idan silif-on ce kawai, matatar hayaƙi mai rage gubarsa tana nan, ba ka taɓa matatar iska ba, yawancin babura masu kwamfuta suna tafiya lafiya. Suna da sensa a jikin bututu mai shinshina hayaƙi tana gaya wa kwamfuta ta ƙara mai ko ta rage. Sai dai ka sani wannan gyaran kai tana yin sa ne a tafiyar hankali da matsakaicin totur. Da ka murɗe totur har ƙarshe, kwamfuta ta daina sauraron sensa, ta koma kan lissafin da aka rubuta mata tun farko. Don haka cikakkiyar salansa tana buƙatar a sake rubuta lissafin, ko a jona ƙaramin akwati irin Power Commander na kamfanin Dynojet, sannan a gwada a kan dayino.

Mai kabureta kuwa ba ta da wanda zai gyara mata komai, sai kai. Ƙaramin jet, ɗan ramin da mai ke bi, shi ke aiki daga silo zuwa kusan kwatar totur, allura ta karɓa daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet ya riƙe sauran. Ka gano inda babur ke shaƙewa ko yake jinkiri, nan ne wurin gyara. A ƙara lambar jet ɗaya a gwada, kada a yi tsalle uku. Fulogi ma yana ba da labari: in bakinsa ya yi fari fat mai ya yi kaɗan, in ya yi baƙin toka ya yi yawa, launin ƙasa-ƙasa shi ake nema.

Zan iya ɗaurawa da kaina? Yaya ake yi?

Za ka iya, in kana da haƙuri. Ka tanadi sufanu, sabon gasket na bakin injin, man da ke ratsa tsatsa, man tagulla da ke hana zare kamewa, ƙugiyar jan sifirin, da tsumma mai tsabta. In akwai sufana mai awon ɗauri, ta fi komai amfani a wannan aiki.

Babur ya huce sarai tukuna. Hayaƙin da ke fitowa daga silinda yana haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙarfe ba ya nuna zafinsa a fuska. Tun daren jiya ka fesa wa notocin bakin injin mai, su kwana suna sha. Ka kafa babur a wuri mai daidai yadda ba zai faɗi ba. Idan akwai sensa, fara cire wayarta daga soket kafin ka kwance ta daga bututu, in ba haka ba wayar za ta murɗe ta tsinke daga ciki. Ka fara kwancewa daga baya zuwa gaba, kana tallafe da tukunyar, don ta fi yadda ake zato nauyi kuma in ta saki tana iya lanƙwasa abin da ke riƙe da ita.

Da bututun ya fita, ka haska cikin ramin da tocila. Tsohon gasket yana nan a manne, ya yi baƙi ya saje da ƙarfen har ka ɗauka babu shi. Ka ƙwaƙulo shi a hankali ba tare da ka karce wurin ba. Mutane da yawa suna ɗora sabo a kan tsoho ba su sani ba, su dawo suna mamakin inda hayaƙi ke yoyo. Kuma ba a maimaita tsoho: an yi shi ne ya murƙushe sau ɗaya ya toshe wurin, ya gama aikinsa.

Sirrin ɗaurawa guda ɗaya ne. Ka jera komai a wurinsa da notoci sako-sako, waɗanda hannu kaɗai ya murɗa, tun daga bakin injin har wutsiya. Ka girgiza, ka daidaita, ka tabbata babu inda bututu ke taɓa tiyon birki, waya, roba, ko ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Ka sa wani ya zauna a kan babur ya danna shi ƙasa ka ga ko taya za ta goge shi. Sai bayan nan ka fara ɗaurewa daga gaba zuwa baya, notocin bakin injin kuma bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, don gasket ya kwanta daidai. Awon ɗaurinsu yana cikin littafin babur ɗinka, kuma ya yi ƙasa da yadda hannu ke so. Wanda ya ɗaure gaba tamau tun farko, zai iske ramin baya ya kauce, ya tilasta shi, bayan 'yan watanni walda ta tsage.

Ka tayar da shi a waje, ba cikin rufaffen ɗaki ba, don iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kisa. Ka kai hannu kusa da mahaɗai ba tare da ka taɓa ba, ka ji ko iska tana hurowa. Ɗan hayaƙi da wari a minti na farko ba komai ba ne, man masana'anta ne ke ƙonewa. Bayan hawa biyu ko uku, idan ya huce, ka sake bin notocin.

Noti ya ƙi kwancuwa. In ƙara ƙarfi?

A'a. A nan ne na taɓa yin kuka da idona. Ina sauri, noti ɗaya ya cije, na zura bututu a kan sufana don in sami tsawo, na danna. Sai na ji ƙas, abu ya yi laushi a hannuna. Na duba, ga noti a cikin sufana da guntun sitod, ƙusa mai zare da notin ke ɗaure a kai, a maƙale a cikinsa, sauran kuma ya karye daidai da fuskar injin, ko abin kamawa babu. Aikin awa biyu ya koma na sati, sai da aka sauke kan silinda aka kai wa mai injin huda.

Sitod ɗin nan siriri ne, ya sha zafi da sanyi shekara da shekaru. A sake fesa mai a jira. A ɗan ƙwanƙwasa kan notin. A gwada ɗaure shi ƙiris kafin a kwance, sannan a riƙa kai da komo. In ya ƙi, a gasa notin da wuta, nesa da tanki da tiyon mai. In duk bai yi ba, a fasa notin a ceci sitod. Wajen mayarwa ka shafa man tagulla a zaren, amma kada ya taɓa kan sensa.

Tun da na sauya, in na saki totur sai ya riƙa fashe-fashe. Lalacewa ce?

Galibi a'a. Ragowar man da bai ƙone ba ne ke haɗuwa da iska a cikin bututu mai zafi ya kama. Babura da yawa ma suna da wata hanya da ke hura iska cikin bakin hayaƙi da gangan don ta ƙone wannan ragowa. Da ma can yana yi, tsohuwar salansa ce ke haɗiye ƙarar. Amma in fashewar ta yi yawa, fara da neman yoyo a bakin injin da mahaɗai. Baƙin zane na toka a gefen mahaɗa shi ne shaida. In babu yoyo, kuma babur yana zafi ko yana jinkirin amsa totur, koma kan maganar mai.

Bututun ya koma ruwan zinariya, wani wurin shuɗi. Na ƙona shi ne?

Haka ƙarfe yake yi da zafi. Sitenles yakan yi ruwan zinariya, taitaniyom ya yi shuɗi da shunayya kusa da injin, wasu ma don launin suke saye. Na kamfani yakan ɓoye nasa ne don sau da yawa bututu biyu ne, wani cikin wani. Abin dubawa shi ne idan shuɗin ya bazu da sauri har nesa da injin, ko bututu ɗaya ya fi 'yan uwansa.

Wani abu da ba a faɗa wa mutane: kafin tayarwar farko, goge bututun duka da sifirit. Duk inda yatsanka mai maiƙo ya taɓa, zafi zai buga hatiminsa a wurin. Akwai wata salansa da na yi shekaru ina kallon babban yatsana a jikinta.

Fitilar gargaɗi ta kama bayan na gama. Me na taɓa?

Ɗaya daga biyu ne yawanci. Ko ka manta ba ka mayar da soket ɗin sensa ba, ko babur ɗinka yana da 'yar ƙofar nan ta cikin bututu, ka cire ta, kwamfuta kuma tana neman motar da ke juya ta. Wasu sukan bar motar a jone su cire wayoyin da ke jan ƙofar kawai, wasu babura kuma sai an sa musu ɗan soket na musamman ko an kashe abin a kwamfuta.

Me doka ta ce game da ƙara?

Kowace ƙasa da tata, sai ka bincika ta inda kake hawa. A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA ta ƙayyade desibel 80, wato ma'aunin ƙara, ga baburan titi ƙirar 1986 zuwa sama, kuma cire matatar hayaƙi daga babur na titi laifi ne. A 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 kan sayar da na'urorin sauya lissafin mai da ke ƙara gurɓata iska. A Turai salansar da aka yarda a hau titi da ita tana ɗauke da hatimin harafin E da lamba a jikinta, kuma ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki kan sababbin samfura a 2020. A jihar Tirol ta Ostiriya, tun 2020 aka hana baburan da ƙararsu a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyin tsaunuka a lokacin bazara, ko da salansar ta kamfani ce. Duk wadda ka ga an rubuta mata cewa ta filin tsere ce kawai, to haka ake nufi.

Lissafin desibel ba irin na kilo ba ne. Ƙarin 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin 10 kuma kunne yana jin sa kamar ninki biyu. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Kunnen da ya fi kowane kusa da salansarka naka ne.

In cire ɗan bututun da ke bakin tukunya?

Shi ne abin rage ƙara, kuma da shi aka gwada salansar aka ba ta hatimi. In ka cire, hatimin ya tashi aiki. Ƙarar za ta ƙaru sosai, ƙarfin da injin ke bayarwa a ƙaramin juyi kuma sau da yawa ya ragu. Rana ta farko daɗi, amma ka yi tafiyar awa uku da wannan gunji a ƙeyarka ka gani. Maƙwabcin da kake tayar wa babur da sassafe ma yana da nasa ra'ayin.

Garanti da inshora fa?

A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan wani, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Amma in bawul ya ƙone bayan ka sa cikakkiyar salansa ba ka gyara mai ba, ba ka da bakin magana. A wasu ƙasashen sharuɗɗan sun bambanta, ka karanta takardarka. Masu inshora kuma a ƙasashe da dama suna so a sanar da su duk wani sauyi, in ka ɓoye suna iya ƙin biya ranar da ka fi buƙatarsu.

Yaya zan gane ta jabu?

Sunayen da suka yi fice, irin Akrapovič na Sulobeniya, Yoshimura, Termignoni da Arrow na Italiya, da Vance & Hines na Amurka, su aka fi kwaikwaya. Ta gaske ana yin ta ne don samfurin babur guda, da shekararsa, da maɗauranta da takardar bayani. Idan aka ce maka wannan tana shiga kowane babur, ga kuma babban suna a manne a jikinta, sitika ka saya. Duba waldar: ta ƙwarai jere take kamar ɓawon kifi, ta jabu kuma dunƙule-dunƙule. Wani kabon ɗin ma leda ce aka naɗe a kan gwangwani.

Tana buƙatar kulawa bayan an ɗaura?

Yawancin salansar kasuwa bututu ne mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi, kuma audugar tana ƙonewa tana fita a hankali. In ka ji sautin ya koma na gwangwani, ko jikin tukunya ya fara canza launi a wuri ɗaya, lokacin sake cusa sabuwa ya yi. Ana cire ƙusoshin murfin, a zare bututun ciki, a naɗe shi daidai ba tamau ba, a mayar. Ka sa safar hannu, don audugar tana sa ƙaiƙayi. Wajen wanki ka toshe bakin kada ruwa ya shiga. Ƙyallen da ake naɗe bututu da shi don rage zafi yana riƙe danshi, yana kuma ruɓar da baƙin ƙarfe a ɓoye.

Tsohuwar kuma kada ka yar. Ka shafe ta da mai, ka haɗa ta da notocinta da maɗauranta a kwali ɗaya ka ajiye. Za ka neme ta ranar gwajin lafiyar babur, ko ranar da mai saye ya ce shi yadda kamfani ya yi shi yake so.